Mustang 1966 a garejin gida: daga ina zan fara?

Abdulhadi Houston: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Abin da na daɗe ina yi muku kurari da shi ya tabbata. Ranar Asabar na jawo Mustang ƙirar 1966 gida a bayan tirela. Mai rufaffen kai ce, ƙofa biyu, injin V8 ɗin nan na 289, wato lita 4.7, giyarta otomatik. Wani dattijon Bature ne ya sayar min dala 8,500. Ya ce rabonsa da tayar da ita tun kafin ambaliyar Harvey ta 2017, amma ruwa bai taɓa shiga garejinsa ba. Fentinta ja, daga nesa sai ka ce amarya. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan gwangwanin ne ya cinye kuɗin umararmu?" Ban ce mata uffan ba.

Ga tsarina. Zan sauke tsohon injin in ɗora Coyote 5.0, irin wanda Ford ta fara sa wa Mustang GT a 2011, in sa giya ta hannu da manyan tayoyi, in mayar da fentin baƙi. Ni kaɗai zan yi a garejin gida, Asabar da Lahadi, tunda aikin asibiti ya cinye sauran kwanakin. Na ba kaina wata shida. Masana, daga ina zan fara?

Nura Gwammaja: Kai! Yaya Abdul ka gama da mu. Coyote doki 412 ne fa tun daga kamfani, a motar da ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Wallahi tashi sama za ta yi. Ka ɗora kawai, kar ka saurari tsofaffin zauren nan.

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Jikana ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Allah ya sanya alheri, ɗana. Ban taɓa kwance irin wannan motar ba, Fijo na sani da Marsandi, shekara arba'in da ɗoriya ina ƙarƙashinsu. Amma ƙarfe ƙarfe ne ko a Kano ko a Amurka. Hotuna goma sha ɗaya ka turo, duk na sama ne, fenti da fitila da sitiyari. Ko ɗaya ban ga na ƙarƙashi ba. Ka ɗaga kafet ɗin gaba? Ka shiga ƙasanta da tocila da sukundireba? Mai sayar da tsohuwar mota da sabon fenti, akwai abin da yake rufewa.

Abdulhadi Houston: Baba, na leƙa kaɗan. Akwai ɗan baƙin kwalta da aka shafa a ƙasan, ya yi kyau dai.

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: To, wannan kwaltar ita ce ban so ji ba.

Injiniya Bashir Michigan: Barka da arziki, Abdulhadi. Kafin komai buɗe bonet, ka duba saman ƙarfen da ke gefen injin ta ɓangaren direba, akwai lambar shasi da aka buga a jiki. Turo min haruffa biyar na farko kawai, kar ka sa sauran a zaure. Ka kuma gwada ta da lambar da ke takardar mallakar da ya ba ka. Kar ka dogara da ɗan farantin da ke jikin ƙofa, ƙofa ana sauya ta, kuma ko Ford ɗin ta rubuta a kansa cewa ba don rajista aka yi shi ba.

Abdulhadi Houston: 6F07C. Ta yi daidai da takarda, alhamdulillahi.

Injiniya Bashir Michigan: Madalla. 6 ɗin 1966 ke nan. F tana nufin a Dearborn aka harhaɗa ta, nan kusa da ni, ina wucewa ta gefen masana'antar. 07 mai rufaffen kai. C kuwa 289 mai kafureta mai maƙogwaro biyu, doki 200 a lissafin wancan zamani. Da A ka gani, doki 225 ke nan. Da K ce, mai doki 271, da na ce ka ajiye sufana ka nemi ƙwararru, don waɗannan ba su da yawa kuma suna da tsada. Taka ta gama-gari ce. A shekarar 1966 kaɗai an ƙera Mustang sama da 600,000. Wannan alheri ne a gare ka ta fuska biyu: kusan kowane ƙarfe na jikinta ana buga sabonsa yau, kuma ba wanda zai ce ka ɓata kayan tarihi idan ka sauya wani abu.

Yanzu ga gwajin da nake so ka yi, na Baba ne amma a harshen Mustang. Tsakanin bonet da gilashin gaba akwai raga-ragar shan iska. A ƙarƙashinta akwai wani akwatin ƙarfe da aka yi wa walda ya rufe ruf, ba a fenta cikinsa da kyau ba tun daga kamfani. Ganye da ƙura suna faɗawa, su toshe mafitar ruwa, ruwa ya kwanta, tsatsa ta cinye. Ka cire kafet gaba ɗaya, ka sa mutum ya zuba bokitin ruwa a ragar, kai kuma ka kwanta a ciki da tocila kana kallon ƙarƙashin dashbod. Ka dawo ka faɗa mana.

Malam Tukur Zariya: Ni fa ina da gyara tun daga tushe. Mutane suna yawan ce wa irin wannan Mustang motar ƙwanji. Mustang mai 289 ba ta cikin wannan aji. Abin da Amurkawa suke kira motar ƙwanji shi ne a ɗauki babban inji a dasa a matsakaiciyar mota. Pontiac GTO ta 1964 da injin 389 ita ce ta buɗe ƙofar, lokacin John DeLorean yana Pontiac. Sai irin su Chevelle SS 454 ta 1970 mai doki 450, da Dodge Charger mai Hemi 426. Mustang kuwa a kan ƙashin Ford Falcon aka gina ta, motar talakawa, Lee Iacocca na kamfanin Ford ya sa aka yi mata kwalliya aka fito da ita ranar 17 ga Afrilu 1964 a kan dala 2,368. Ajinta daban, su da Camaro, ƙananan dawakai ake ce musu.

Nura Gwammaja: Malam Tukur, an zo gyaran mota ka kawo mana lacca. Shi ya sa ma za a sa mata Coyote, ta shiga ajin da ƙarfin tsiya.

Malam Tukur Zariya: Nura, sa wa jaki sirdin sarki ba ya mayar da shi ingarma. Amma na yi shiru.

Hajiya Rabi Kaduna: Malam bai yi ƙarya ba, amma ni abin da ya tsaya min daban ne. Abdulhadi, me ya sa ka sayi tsohuwar mota idan sabuwa kake so? Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 'yar Kaduna. Yayanmu ya kai ta gareji aka sauke injinta aka sa na Toyota, aka sauya kujeru, aka manna mata fitilun zamani. Tana tafiya lafiya lau, ba na musu. Amma ranar da na shiga na ji ƙarar injin, sai na ji kamar an sa wa Baba muryar wani. Ban sake shigarta ba. Wanda ya ƙera motarka ya san abin da yake yi. Ka mayar da ita yadda ta fito, har launin.

Abdulhadi Houston: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Na ji wannan a raina. Sai dai ni ba ajiye ta zan yi ina gogewa ba, hawa nake so in yi, kuma titunan Houston ba a yi su don mai rarrafe ba.

Yakubu Suame Kumasi: Hajiya, a yi min afuwa, zan ɗan saɓa. Mu a Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, abin da muke ci da shi ke nan, sa injin wannan a jikin waccan. Da ba don haka ba da rabin motocin da ke ɗaukar doya daga arewa sun daɗe a hannun 'yan gwangwan. Mota ba Alƙur'ani ba ce da za a ce ba a taɓa wasali. Abin da kawai na sani, duk injin da ka ƙara wa ƙarfi, ka ƙara wa birki da ƙashin mota aiki. Wanda ya manta wannan shi muke jawowa da igiya.

Abdulhadi Houston: Jama'a na dawo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na cire kujeru na ɗaga kafet. Ƙarƙashinsa wani ya shimfiɗa farantin alminiyam, irin na alamar titi, ya ɗaure da ƙananan kusoshi, ya shafe da kwalta. Da na ɓamɓare ta ɓangaren fasinja, sai ga simintin garejina ina gani ta ramin da kaina zai shiga. Na sa babban ɗana ya zuba ruwa a ragar kamar yadda Injiniya ya ce. Bai gama juye bokitin ba ruwa ya zubo min a fuska ta ɓangarori biyu, jajawur, har da ɓarɓashin tsatsa da allurar ganyen fayin. Yaron yana ta dariya, wai Abba ya yi alwala.

Sai na ɗauko maganaɗisun da ke jikin firij na bi bodin da shi. A ƙofofi yana kamawa. A bayan tayar baya ta hagu ya faɗo ƙasa. Na sa sukundireba na ƙwaƙula, fila ce kaurin yatsa, a bayanta an cusa ragar waya da tsohuwar jarida. Na kira dattijon, ya ce shi ma haka ya saye ta a Ohio. Bai taɓa ambata min Ohio ba sai yau.

Injiniya Bashir Michigan: Ohio. Shi ke nan, an gano bakin zaren. Jihohinmu na nan arewa gishiri ake watsawa a titi duk hunturu don narkar da ƙanƙara, shi yake cin motoci ta ƙasa. Shi ya sa masu neman tsofaffin motoci suke tafiya har Arizona. Kar ka karaya, abin da ka gani shi ne ciwon kowace Mustang ta waɗannan shekarun. Amma batun wata shida, ka cire shi a ranka.

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: Ɗana, ka gode wa Allah da ka gani tana tsaye. Da ka ɗora wancan injin da Nura yake zuga ka, ka taka ta a babban titi, da a can za ta nuna maka. Injiniya, ina da tambaya. Ita wannan tana da shasi daban da ake ɗaga bodi a bari, ko irin 504 salun ce da komai yake haɗe?

Injiniya Bashir Michigan: Haɗe take, Baba, kamar 504. Chevelle da GTO su ne masu shasi daban. A Mustang daɓen da yake takawa yana cikin abin da ke riƙe da motar.

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: To ka ji. Saurara da kyau, Abdulhadi. Motar da take haɗe, idan ka yanke ƙasanta gaba ɗaya lokaci guda, za ta saki jiki kamar buhun da aka zare wa ɗinki. Ba za ka gani da ido ba sai ranar da ka zo rufe ƙofa ta ƙi. Na ga wani fanal bita ya yi wa wata 504 haka, ya gama walda tsaf, aka zo mayar da gilashin gaba ya ƙi zama, aka matsa ya fashe. Gyaran gangar Auzinawa.

Ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu ko shida, ka sa ma'aunin magina ka tabbata ta daidaita ta kowane gefe. Kar ka cire ƙofofin, su ne shaidarka. Ka auna tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi sama da ƙasa, ka rubuta a bango. Ka yi wa cikinta tokara da ƙarfe. Sannan ka yanke ɓangare ɗaya, ka gama shi, ka rufe ƙofa ka gani, kafin ka taɓa ɗayan. Kuma don girman Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulo. Yaron wani abokina a haka ya tafi, yana kwance giyabos.

Abdulhadi Houston: Allah ya jiƙansa. Na ji, Baba. Matsalar ita ce ban taɓa riƙe abin walda ba a rayuwata.

Yakubu Suame Kumasi: Ana koya. Amma kar ka sayi irin tamu ta sanda, za ta huda maka ƙarfen bodi kamar takarda. Nemi ƙaramar na'urar walda ta MIG mai tukunyar gas da siririyar waya. Ka samo yankakkun ƙarafa masu kauri ɗaya da na motar ka yi wata guda kana ɓatawa. Sirrin ƙarfe marar kauri shi ne kar ka ja dogon layi. Ɗigo nan, ka tsallaka can ka ɗiga, ka bari ya huce, ka dawo. Idan ka yi gaggawa zafi zai murɗe farantin ya yi tumbi, sai ka koma cika fila kamar mutumin Ohio.

Dakta Maryam Abuja: Ni ba ruwana da injinku, amma tunda a garejin da ke manne da gida za a yi, kuma akwai yara, bari in sa baki. Abdulhadi kai ma'aikacin lafiya ne, ka san waɗannan, sai dai mai son abu makaho ne. Tsohon birki yana iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu, kar ka hure ƙurarsa da iska, ka jiƙa ka goge. Tsohon fenti da abin da aka cike mahaɗar bodi da shi a wancan zamani akwai dalma a ciki, idan kana gurzawa kar yara su shigo, kuma kayan aikin kar su shiga injin wanki tare da nasu. Maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, idan zafin walda ya taɓa shi yana zama iskar fosjin, wadda aka kashe mutane da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fentin zamani mai haɗi biyu kuma yana lalata huhu, takunkumin takarda ba ya tare shi. Wannan ka kai wa masu ɗakin fenti kawai.

Abdulhadi Houston: Na karɓa, Dakta. Na fosjin ɗin wallahi ban sani ba, kuma gwangwani biyu na saya jiya.

Injiniya Bashir Michigan: Ƙari a kan na Dakta: a waɗannan motocin saman tankin fetur shi ne daɓen but. Ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗa, tankin ne kake kallo, kuma tsakaninsa da kujerar baya babu ƙarfen kirki. Ka sauke shi ka fitar da shi waje kafin tartsatsi ɗaya ya tashi a garejin. Sabo ba shi da tsada, kar ka wahalar da kanka da wanke tsohon. Idan ka zo mayarwa, ka sa farantin ƙarfe a bayan kujerar baya.

Yanzu batun Coyote, tunda Nura ya matsa. Injin yana da faɗi ƙwarai saboda kam, wato sandunan da ke buɗe bawul, huɗu ne a samansa. A motar 1966 ba ya shiga sai ka yanke hasumiyoyin shokazoba biyu da ke gefen injin, waɗanda su ne ke riƙe da ƙafar gaba. Ka yanke su ke nan sai ka sayi sabuwar ƙafar gaba ɗungurungum, da sitiyarinta. Sai kwamfutar injin da wayoyinta, sai famfon fetur mai matsi, sai lagireto, sai giya, sai akasil ɗin baya, don na inci 8 da ke jikinta ba a yi shi don doki 400 ba. Kuɗin zai ninka abin da ka sayi motar ba sau ɗaya ba. Ana yi, na ga waɗanda suka yi kyau. Amma ba aikin wanda bai taɓa walda ba ne, kuma idan ka yanke hasumiyoyin ba komawa.

Nura Gwammaja: To ya zauna da doki 200 kamar mai Corolla?

Injiniya Bashir Michigan: Bai ma kai 200 ba a lissafin yau, Nura. Kafin 1972 ana auna injin ne tsirara, ba salansa ba kayan da yake ja. Amma 289 inji ne mai albarka. Kafureta mai maƙogwaro huɗu, da mazauninta na alminiyam, da salansa biyu, da wutar lantarki ta zamani a madadin kwantak, za ka ji mota ta farka. Ka haɗa da giyar T5 mai biyar, irin ta Mustang ɗin shekarun 1980, ta samu numfashi a babban titi. Duk waɗannan da noti ake ɗaure su. Ya adana tsofaffin a kwali, ranar da ra'ayin Hajiya ya rinjaye shi ya mayar.

Hajiya Rabi Kaduna: Wannan na yarda da shi. Abin da za a iya kwancewa a mayar, ba ni da ja.

Malam Tukur Zariya: Tunda an ambaci 1972, a bar ni in ƙara ɗaya in koma shiruna. Abin da ya kashe zamanin motocin nan ba abu ɗaya ba ne. Dokar tsaftace iska ta 1970, da kamfanonin inshora da suka tsawwala wa matasa masu manyan injuna, sannan takunkumin man Larabawa na Oktoba 1973 ya ƙarasa su. Mustang ta 1974 ko V8 ba ta da shi a Amurka. Shi ya sa ake rububin na kafin nan.

Mamman Damagaram: Salamu alaikum. Ni tambayata, in ya gama zai iya kawo ta gida? In ga ta a hawan salla gaban fada.

Yakubu Suame Kumasi: Sitiyarinta a hagu yake, ta nan ba matsala. Najeriya ta koma tuƙin dama tun 1972, mu Gana 1974, ku Nijar dama can a dama kuke.

Dakta Maryam Abuja: Sai dai kwastan ɗinmu suna da doka a kan shekarun motar da za a shigo da ita, wannan kuwa ta kusa sittin. Ya bincika da kyau kafin ta je ta kwana a tashar ruwa.

Abdulhadi Houston: Mamman, motar da ake ganin siminti ta ƙasanta kake kai wa hawan salla? Bari ta fita daga gareji tukuna.

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: Ba wanda ya yi maganar birki sai Yakubu, shi ma a gurguje. Abdulhadi, buɗe bonet ka duba tukunyar man birki. Rami ɗaya ne ko biyu?

Abdulhadi Houston: Ɗaya ne, Baba. 'Yar ƙaramar tukunya mai murfi kamar kwalbar zuma.

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: To duk tayoyinka huɗu a kan wannan kwalbar suke. Bututu ɗaya ya fashe, ko roba ɗaya ta saki, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Ya taɓa faruwa da ni a gangaren Kwanar Ɗangora da tsohuwar a-kori-kura, da giya da birkin hannu da salati na tsaya. Wannan ko Hajiya ta ce a bar shi yadda ya fito, kar ka bari.

Hajiya Rabi Kaduna: Haba Baba, ni ma ina son ransa.

Injiniya Bashir Michigan: Ford da kanta ta koma mai rami biyu a 1967, gaba daban baya daban. Ka sa irinta, ka sauya duk bututun ƙarfe da na roba, ka sa birkin faranti a gaba a madadin ganga. An yi sa'a taka V8 ce mai noti biyar a taya. Masu silinda shida noti huɗu gare su, su sai an sauya abubuwa da yawa. Tunda kuma za ka buɗe ƙasan, akwai wasu akwatunan ƙarfe da ke ɗaure ƙashin gaba da gefen bodi. A 1966 masu buɗaɗɗen kai kawai aka sa wa na gaba, taka ba ta da su. Ana sayar da su, ka yi musu walda yanzu da wurin yake a buɗe. Sannan akwai dabarar da aka yi wa motocin Shelby, wato Mustang ɗin da aka gyara don gudu, a sauko da mazaunin hannun ƙafar gaba na sama da inci ɗaya. Huda huɗu ne kawai, amma motar za ta daina kwanciya a kwana. Abu ɗaya da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne sandar sitiyari. Ƙarfe ne miƙaƙƙe da ba ya lanƙwashewa a karo, mai lanƙwashewa sai 1968. Ka sa bel mai ratsa kafaɗa, ka tuƙa ta da sanin haka.

Abdulhadi Houston: Injin fa? In gwada tayar da shi in ji ko yana da rai?

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: Kar ka murɗa makulli. Injin da ya shekara bakwai a kwance ba a tashinsa da duka. Cire fulogi takwas ɗin, ka ɗiga mai a kowane rami, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka sa sufana a notin gaba ka juya da hannu. In ya juya sumul, alhamdulillahi. In ya cije kar ka sa ƙarfi, ringi za ka karya. Ka zubar da tsohon baƙin mai ka duba ko ya yi fari kamar koko, alamar ruwa ke nan. Fetur kuma daga galan za ka ba shi, kar ya sha na tankin nan.

Injiniya Bashir Michigan: Ka zare distributa ka juya famfon mai da na'urar huda har mai ya hau sama kafin ka tayar. Baƙin man kuma ka nemi mai sinadarin zinki da yawa, wanda ake yi don tsofaffin injuna. Na zamani an rage masa, yana cinye kam irin na 289. Robobin fetur duk ka sauya, fetur ɗin Amurka na yanzu akwai etanol kashi 10 cikin ɗari, yana narkar da tsofaffin. In ka cire wayoyin fulogi, jerin wutarsa 1-5-4-2-6-3-7-8 ne. Kar ka kwafo na 5.0 ɗin baya-bayan nan a intanet, ya bambanta, mutane da yawa sun kwana suna neman abin da ya hana mota tashi.

Nura Gwammaja: Shi ke nan an taru an kashe min Coyote.

Abdulhadi Houston: Jama'a, mako bakwai ke nan, ga inda aka kwana. Injin ya juya da hannu, ranar da na ba shi wuta ya yi tari sau uku ya kama, hayaƙi ya cika unguwa har maƙwabciyata ta fito da waya a hannu. Na auna matsin silinda, bakwai sun yi kusa da juna, ta biyar ta yi ƙasa. Na sauke shi na ajiye a gefe, sai an zo kansa.

Na sayi MIG, na ɓata ƙarfe ya kai rabin buhu kamar yadda Oga Yakubu ya ce. Na cire gilashin gaba da fuka-fukan biyu da ke saman tayoyin gaba na fara huda ɗigon waldar akwatin ruwan nan. Na ƙirga 114 na daina ƙirgawa, bakin huda uku na karya. Da murfin ya ɗago, abin da ke ciki ba ya faɗuwa: ganye ya zama ƙasa, gidan ɓera, da wani biro. Bakin mashigar iskar ta dama babu shi sam, tsatsa ta cinye. Kuɗin da na ware wa Coyote ya tafi a faranti da gas da kayan birki. Uwargida yanzu ita take riƙe min tocila, amma ba ta fasa kiranta gwangwani ba.

Baba, tambaya. Na gama daɓen dama jiya. Ƙofar tana rufuwa, sai dai tazarar sama ta ragu da kamar kaurin kwabo a kan abin da na rubuta a bango. In wuce hagu, ko in tsaya?

Baba Sabo Ƙofar Ruwa: Tsaya. Kar ka taɓa hagu. Sake ɗora ma'aunin a kan dokin ƙofa ka gani ko ƙafa ɗaya ta nutse, sannan ka kama ƙarshen ƙofar ka ɗaga sama ka ji ko hinjin yana wasa. Turo min hotonta a rufe, daga gefe, da rana ba da tocila ba.